Yadda Ake Zaɓen Na'urar Hangen Taurari da Fara Aiki da Ita a Sakkwato

Yawancin mutanen Sakkwato sukan ɗaga kai su dubi sama da niyya ne a yammacin 29 ga Sha'aban, sa'ad da fadar Sarkin Musulmi ta umarci jama'a su nemi jinjirin watan Ramadan, wanda ya gani kuma ya sanar da dagaci ko hakimin da ke kusa da shi. Daga irin wannan tsayuwa ce wasu sha'awar kallon sama ke kama su, har su fara tunanin mallakar na'urar hangen nesa. Kuskuren da akasarin masu saye na farko ke yi shi ne bin lambar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali, wadda ke cewa na'urar tana kusanto da abu ninki 500 ko 600, alhali abin da ya kamata a duba shi ne faɗin bakinta da ƙarfin mazauninta.

Matakin farko shi ne a san irin na'urar da ake ciniki, domin iri uku ne suka cika kasuwa, kuma kowanne yana da tarihinsa. Mafi daɗewa ita ce mai gilashi a gaba, wadda wani mai sana'ar tabarau a ƙasar Holan, Hans Lipperhey, ya nemi a ba shi haƙƙin ƙirƙirarta a 1608. Galileo ya ƙera tasa a Italiya a 1609, kuma da ita ya ga watanni huɗu da ke kewaya duniyar Mushtari (Jupiter) a farkon 1610. Aibin irin waɗannan na farko shi ne gilashi guda yana warwatsa launukan haske, sai a ga bakin abu da zoben shuɗi ko ja, kuma ba a rage wannan matsala sosai ba sai da aka fara haɗa gilasai biyu mabambanta, dabarar da John Dollond ya sami haƙƙinta a Ingila a 1758. Iri na biyu ita ce mai madubi, wadda Isaac Newton ya ƙera a 1668: wani madubi mai zurfi kamar akushi yana zaune a gindin bututu yana tattara haske, ƙarami kuma yana juyo da shi gefe zuwa ga ido. Madubi ba ya warwatsa launi, kuma yin babba bai kai tsadar yin babban gilashi ba, shi ya sa har yau wannan iri ne ke ba mai ƙaramin ƙarfi mafi faɗin baki a kan kuɗinsa. Na uku ya haɗa gilashi da madubi a cikin gajeren bututu, kuma ya yaɗu a gidajen mutane ne bayan da kamfanin Celestron na Amurka ya fito da samfurin C8 a 1970. Yana da sauƙin ɗauka, amma akwai tsada.

Mataki na biyu lissafi ne, kuma a nan ya kamata a natsu. Aikin na'urar na asali shi ne tara haske, kamar yadda faffaɗan baho ke tara ruwan sama fiye da kofi. Ƙwayar idon matashi a cikin duhu takan buɗe kimanin milimita 7, don haka na'ura mai bakin milimita 70 tana tara ninki 100 na abin da ido ke samu, mai milimita 200 kuma tana tara ninki huɗu na abin da mai milimita 100 ke tarawa. Ninkin kusantarwa kuwa ba dawwamamme ba ne, yana sauyawa da ɗan gilashin da ake ɗora ido a kai. Ana samunsa ta hanyar raba tsawon tattara haske na na'urar da na gilashin idon, kuma dukansu a rubuce suke a jiki. Idan na'urar tana da milimita 1200, gilashin ido na 25 zai ba da ninki 48, na 10 kuma ya ba da 120. Iyakar abin da ke da amfani shi ne kusan ninki biyu na faɗin bakin a milimita. Ke nan ƙaramar na'ura mai bakin 60 ba ta wuce ninki 120 da hoto mai kyau ba, duk abin da ya ɗara haka dushi-dushi kawai za a gani. A ganina, mai farawa ya nemi mai madubi daga milimita 130 zuwa 200, ko mai gilashi daga 80 zuwa 100. Wanda kuɗinsa bai kai ba gara ya sayi tabaran hangen nesa mai ido biyu, irin wanda aka rubuta wa 10x50, wato ninki 10 da baki milimita 50, da ya sayi abin wasan yara da sunan na'ura.

Na uku shi ne mazauni, wanda sau da yawa ba a tambayar labarinsa sai an kai kaya gida. Na'ura mai kyau a kan siraran ƙafafu masu rawa ba ta da amfani, domin duk girgizar da iska ko hannu ya jawo, ita ma ninkuwa take yi a ido. Mafi dacewa ga mai koyo shi ne mazaunin Dobson, wani akwatin katako da ke juyawa hagu da dama, bututun kuma yana ɗagawa sama da ƙasa. John Dobson ya yaɗa shi a titunan San Faransisko tun shekarun 1960, yana haɗa manyan na'urori da falanki da bututun kwali da tsofaffin gilasan tagar jirgin ruwa. Kafinta mai kula zai iya yin irin wannan akwati a nan garin idan aka ba shi awo. Akwai kuma mazauni mai bin juyawar duniya, wanda dole a saita sandarsa ta fuskanci tauraron arewa. Sakkwato tana kan digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka tauraron yana ƙasa-ƙasa, kusan digiri 13 daga doron ƙasa, inda gini da ƙura ke yawan rufe shi, kuma wasu mazaunan masu araha ba sa sunkuyawa har can sai ƙarfen da ke daidaita nauyi ya bugi ƙafa. A tambayi mai sayarwa wannan tun kafin a biya.

Daga shekarun 1990 kwamfuta ta shiga cikin mazauni. Samfurin LX200 na kamfanin Meade, wanda ya fito a 1992, yana daga cikin waɗanda suka sa aka saba da na'urar da za a danna mata sunan tauraro ta juya da kanta ta same shi, bayan an ba ta kwanan wata da lokaci da wurin da ake, an kuma nuna mata taurari biyu ko uku masu haske. Na baya-bayan nan, irin su Seestar S50 da kamfanin ZWO ya fitar a 2023, ba su ma da wurin sa ido. Kyamara ce a ciki, tana ɗaukar hotuna na 'yan daƙiƙoƙi tana tara su ɗaya bisa ɗaya, har abin da ba ya ganuwa ya bayyana da launinsa a fuskar waya. Suna aiki ko a cikin hasken gari, amma bakinsu ƙarami ne, ba sa nuna duniyar Zuhal (Saturn) da Mushtari da girma, kuma sai da caji. Wanda burinsa hoto ne za su gamsar da shi. Wanda yake son hasken tauraro ya shiga idonsa kai tsaye, ya kuma koyi hanyoyin sama da kansa, mazaunin katako ya fi masa.

Mataki na huɗu shi ne zaɓen dare da wuri. Sama ta fi tsabta a nan daga ɗaukewar damina a watan Oktoba zuwa kafin hazon hunturu ya sauka sosai, da kuma daren da ya biyo bayan ruwan sama idan gajimare ya washe. A tsakiyar hunturu, duk da cewa a lokacin ne Kaza da 'Ya'yanta ke sama da almuru, sai an yi dakon ranar da ƙura ta lafa. Kalandar Musulunci tana taimakawa ƙwarai: ranakun 6 zuwa 9 ga wata ne suka fi dacewa da kallon watan kansa, domin inuwa tana fito da ramukansa da duwatsunsa a kan layin da ya raba haske da duhu, alhali a daren sha huɗu ya yi fari fat, ba a ganin zurfin komai. Abubuwa masu raunin haske kuwa sai ƙarshen wata ko farkonsa. Wata da duniyoyi ana kallonsu daga tsakar gida, amma sauran suna bukatar a nisanci fitilu, ko da zuwa gefen gari ne ta wajen Wamakko ko Bodinga, a tafi cikin jama'a kuma da sanin mai unguwar wurin.

Na biyar shi ne daren farko. Tun da la'asar a saita ɗan ƙaramin manuni da ke bisa bututun: a sa kan wata hasumiya mai nisa a tsakiyar babbar na'urar, sannan a murɗa sukurorin manunin har shi ma ya nuna wurin. Idan an ga hoton a kife, ba lalacewa ba ce, haka mai madubi ke nunawa. A fitar da na'urar waje kamar rabin awa kafin a fara, don zafin madubin ya daidaita da na iska, kada kuma a dasa ta a kan daɓen siminti da ya sha rana, ko a hanga ta saman rufin kwano, saboda hucin da ke tashi yana sa hoto ya riƙa rawa. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kallon waya sau ɗaya kuma yana rushe wannan, don haka a mai da manhajar taswirar sama, irin su Stellarium, zuwa jan haske. A fara da gilashin ido mai babbar lamba, wato mai ƙaramin ninki, a sa abin a tsakiya, a daidaita shi ya fito tas, sannan a ƙara ninki. Zai riƙa zamewa daga gani saboda juyawar duniya, sai a riƙa tura bututun a hankali.

Bayan wata, a nemi Zara, wadda ake wa kirari da matar wata, za a ga ita ma tana cika tana raguwa kamar mijin nata. Mushtari zai nuna watanninsa huɗu a jere, suna sauya wuri daga dare zuwa dare, zoben Zuhal kuma yana fitowa daga wajen ninki 50. Kusancinmu da layin da ya raba duniya biyu ya ba mu abin da mutanen Ingila ba sa samu: a watannin Afrilu da Mayu, ta kudu, ana ganin dunƙulen taurari na Omega Centauri, wanda ya fi kowane irinsa haske a sama. Game da jinjirin wata, kada a ɗora ido a na'ura sai rana ta faɗi gaba ɗaya, domin haskenta ta cikin gilashi yana ƙone ido nan take, kuma ba ya warkewa. Kada a bar yara da na'ura da rana. Hukuncin ganin da aka yi da na'ura kuwa na malamai ne da kwamitin ganin wata.

Saura kulawa da ita, kuma a Sakkwato babban abokin gabarta ƙura ce. A rufe bakin bututu da gilasan ido da zarar an gama, a lulluɓe na'urar a ɗaki mai inuwa, kada a bar ta a cikin mota da zafin bazara. Ba a goge gilashi ko madubi da bakin riga ko rawani, domin ƙurar hunturu tana da ɓarɓashin yashi da ke karce rufin da aka yi musu. A hure ta da 'yar robar hura iska, abin da ya rage kuma a ƙyale shi, tun da ƙura kaɗan ba ta rage gani yadda ake zato. Mai madubi kuma, duk lokacin da ta sha jijjiga a hanya, a duba ko madubanta biyu suna nan a saiti ɗaya kafin duhu ya yi.