Tsohon Alƙalamin Tawada: A Narka Bakinsa ko A Adana?

Fara da duba bakin alƙalamin da gilashin ƙara girma. In ka ga 14K ko 585, zinare ne kashi 58.5 cikin 100; 18K ko 750 kuwa kashi 75. Tambarin GP na nufin an shafa ruwan zinare ne kawai a kan ƙarfe, GF da ke jikin murfi kuma siririn rufin zinare ne, duka ba su kai a kunna musu wuta ba.

Sai awo. Yawancin bakunan ba su wuce rabin giram ba. Baki mai giram 0.4 na 14K zai ba da zinare kusan giram 0.23, kafin maƙeri ya cire nasa. Ɗigon da ke can tsini ma ba zinare ba ne, wani ƙarfe ne mai tauri da aka liƙa don kada takarda ta cinye bakin.

Shi ya sa narka bakin alƙalami ƙirar Parker 51, wanda ya fito a 1941, ko na Pelikan 400 na 1950, asara ce: masu tara kayan da suna sayen lafiyayyen alƙalami fiye da kuɗin zinaren nesa ba kusa ba. Wanda ya cancanci narkawa shi ne bakin da ya tsage, ko wanda ba a san alƙalaminsa ba.

In adanawa za ka yi, wanke bakin da ruwan sanyi. Ruwan zafi na lanƙwasa jikin, sifirit na cin tsohuwar roba, hasken rana kuma na kashe launi. In alƙalamin ya ƙi kwancewa, kada ka sa filaya, yana iya fashewa.