Ga masu yawan tafiyar aiki da ba sa wasa da ciki

Jama'a, in aiki na yawan fitar da ku, ku gwada wannan. Ana gobe tafiya, ku shiga kicin tare da iyali a yi girki mai yawa, a raba a ƙananan robobi. Yara su taya yanke-yanke, su rubuta kwanan wata a murfi. Hirar wajen girki ta fi ta gaban talabijin armashi nesa ba kusa ba.

Abin da za a ci cikin kwana 3 zuwa 4 ya zauna a firji, sauran a daskarar. Kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje, in ana tsananin zafi ma awa 1.

In kun sauka, kada ku liƙe wa abincin otal, sau da yawa ga tsada ga salam. Ku tambayi abokan aikinku na garin inda su suke ci. Da dare ku kira gida ta bidiyo, kowa da kwanonsa a gaba.

Tsaraba kuwa, busassun kayan ƙamshi sun fi sauƙin ɗauka. A yawancin filayen jirgin sama, abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu.