Yadda Ake Gano Mazaunin Wayar da Ta Cire a Injin Tsohuwar Volkswagen Beetle

Duk wanda ya mallaki tsohuwar Volkswagen Beetle, ko daga cikin waɗanda aka haɗa a Legas tun daga 1975 ko waɗanda aka shigo da su daga Jamus, wata rana zai ɗaga murfin baya ya tarar da waya tana lilo a gefen inji, kanta a sake, ba a san inda ta fito ba. Abin da hannu yake saurin yi shi ne neman ƙarfen da ya yi daidai da bakinta a cusa ta. A wannan motar hakan ganganci ne, domin yawancin wayoyin injinta kansu iri ɗaya ne, wato ɗan falen ƙarfe da ake turawa ya kama, saboda haka kusan kowace waya tana iya shiga kusan kowane mazauni. Shigarta ba hujja ba ce cewa nan ne gidanta.

Kafin a taɓa komai, a kashe mota, a zare makulli, a ɗauki hoton wurin da wayar salula yadda aka same shi. Daga nan a kama wayar a hankali a ga iyakar inda tsawonta ya kai ba tare da an ja ta ba. Wayar da ta shekara arba'in a wuri ɗaya takan sandare da lanƙwasarta, kuma sau da yawa idan aka sake ta, kanta yakan nufi mazauninta da kansa. A duba ƙarafunan da ke kusa: wanda aka zare wa waya kwanan nan yakan yi haske da ɗan karce, wanda kuwa bai taɓa ɗaukar waya ba yakan kasance cikin ƙura da tsatsa.

Sai launi. Jamusawa suna da tsarin lambobi da ake kira DIN 72552, kuma ana samun lambobin a buge a jikin koyil da sauran kayan wuta. Lamba 30 wuta ce kai tsaye daga batir, yawanci a jar waya. Lamba 15 wuta ce da ke zuwa sai an murɗa makulli, a baƙar waya. Lamba 31 ita ce mai komawa jikin mota, a waya mai ruwan ƙasa. Lamba 1 tana haɗa koyil da distiributa da koriyar waya, lamba 50 ta kik ce, lamba 61 ko D+ kuwa ta fitilar caji ce, a shuɗiyar waya. Wayar ma'aunin baƙin mai shuɗiya ce mai ratsin kore. Sai dai ban yarda a dogara da launi kaɗai ba, domin motar da ta ratsa hannun masu riwaya da dama ba ta rasa wayar da aka yi wa ƙari da duk launin da aka samu a ranar. A goge wayar da tsumma, a bi ta baya har inda ta shige cikin damin wayoyi, a nan ne launinta na asali yake.

Gwaji ne yake yanke hukunci, kuma ƙwan gwaji mai waya biyu ya wadatar. A maƙala ɗaya bakin a jikin inji inda babu fenti, a taɓa kan wayar da ɗayan. Idan ƙwan ya kama alhali makulli yana kashe, wayar batir ce, a naɗe kanta nan take. Idan bai kama ba sai da aka murɗa makulli, kuma ya kama da haske sosai, to ta lamba 15 ce. Idan ya kama dishi-dishi, a sa wani ya leƙa agogon gudu, domin da alama ɗaya daga cikin ƙananan fitilun gargaɗi biyu da ke jikinsa ta ɗan haska a daidai lokacin, kuma wadda ta haska ita ce ta faɗi sunan wayar: ta mai ce ko ta caji. A tuna cewa wasu tsofaffin ƙirar suna aiki da volt 6 ne maimakon 12, saboda haka ƙwan volt 12 zai yi rauni a kansu ko da wutar cikakkiya ce.

Baƙar wayar lamba 15 ita ce ta fi buƙatar natsuwa. Daga koyil take rarrabuwa zuwa abubuwa biyu a jikin kabureta: zagayayyen murfin cok mai aiki da kansa (abin da ke rage iskar da ke shiga kabureta lokacin da inji yake da sanyi) a gefen dama, da ɗan bawul mai yanke fetur na silo (wato aikin inji ba tare da an taka totur ba) a gefen hagu. A wasu ƙirar akwai reshe na uku mai ɗauke da fis a tsakiyarsa, wanda ke zuwa makunnin fitilar ribas. Motar ma takan nuna wayar da ta cire. Idan wayar cok ce, cok ba zai buɗe yadda ya kamata ba, sai a ga baƙin hayaƙi da shan mai fiye da kima. Idan ta bawul ɗin silo ce, inji zai tashi amma ya mutu da zarar an ɗaga ƙafa daga totur, kuma za a tabbatar da lafiyar bawul ɗin idan aka ji ya yi ƙas lokacin da aka taɓa masa wayar da makulli a kunne. Haɗarin shi ne babu fis tsakanin makulli da koyil a wannan motar. Wanda ya kuskure ya cusa baƙar wayar a ma'aunin baƙin mai, wanda ke ƙasan distiributa kuma yake haɗe da jikin inji muddin inji bai tashi ba, ya tura wutar batir kai tsaye cikin ƙarfe, kuma wayar za ta yi zafi ta narke tun daga baya har gaban mota, ga kuma tiyon fetur a kusa. Wanda kuma ya ɗora ta a lamba 1 maimakon 15 zai wahala yana neman dalilin da ya hana mota tashi.

Shuɗiyar wayar caji ma ba abin rainawa ba ce, ko da mota tana tafiya ba tare da ita ba. Iska ce take sanyaya injin Beetle, kuma bel ɗin da ke juya dainamo ko altaneta shi ne yake juya fankar sanyayawar. Idan bel ya tsinke a hanya, wannan fitilar ce kaɗai za ta sanar da direba kafin inji ya ƙone. A motocin da ke da altaneta kuma, ta cikin fitilar ne wutar farko take isa gare ta, saboda haka cirewar wayar tana iya hana caji.

Akwai kuma wayoyin da ba su da mazauni yanzu. A farkon shekarun 1970 kamfanin ya riƙa sa soket na binciken kwamfuta a ɗakin inji, kuma wayoyinsa ba su da aiki a tafiyar mota. Haka nan idan an sauya dainamo da altaneta, ko an sa wata kabureta mai cok na hannu, tsofaffin wayoyin sukan rage a sake. Idan gwaji bai nuna komai ba, fitilun gargaɗi biyu suna kamawa da murɗa makulli suna mutuwa bayan inji ya tashi, kuma babu ƙarfen da ya rage babu waya, to a naɗe kan wayar da tef, a ɗaure ta nesa da bel da salansa.

Idan kuwa an gano mazauninta, a cire kan batir na negatif, wanda ke ƙarƙashin kujerar baya, a kankare tsatsar ƙarfen, a ɗan matse bakin wayar da filaya domin ya kama da ƙarfi, tunda sakwarkwacewa ce ta fitar da ita tun farko. Bayan an mayar da batir, a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, a ɗora yatsa a kan wayar na ɗan lokaci, idan ta fara ɗumi a kashe nan take a sake bincike.