Kaurin tsirkiyar jitar bes: wacce lamba za ka ɗaura?

Ƙanena, kafin ka aika a sayo maka tsirkiya daga Kano ko Legas, koyi karanta lambar da ke jikin kwali. In ka ga 45-105, ana nufin siririyar, wato G, kaurinta kashi 45 ne cikin dubu na inci, babbar kuma, E, kashi 105, wajen milimita 2.7. Na tsakiya galibi 65 da 85 ne. Da wannan nake son ka fara, don yawancin bes mai tsawon tsirkiya inci 34 da irinta ake saita shi.

In yatsunka ba su yi kanta ba tukuna, sauko 40-100. Tana da laushi, ba ta saurin tayar da bororo. Aibinta ɗaya: ka ɗan buga da ƙarfi, sai ta gogi ƙarafan wuya tana ƙugi kamar zuma a tulu.

Mai kauri, irin 50-110, a nan na sha wuya. Wata shekara ana gab da bikin Uhola a nan Zuru, na ɗaura ta a tsohon bes ɗina na hannu, ina kwaɗayin amon nan da ake ji a ƙirji. Amon kam ya fito. Amma kauri yana tafe da ja. Cikin kwana uku wuyan ya lanƙwashe, tsirkiya ta yi sama har ina cusa ɗan yatsa a ƙarƙashinta, ga ta ta ƙi zama cikin ramin farin abin nan da ke saman wuya. Hannuna na hagu ya kwana yana zogi. Sai da aka ɗaure ƙarfen cikin wuya da alanki, ɗan makullin nan na juya ƙusa, kwata-kwatan juyi, ana bari ya huta, aka kuma ɗan faɗaɗa ramin, sannan ya dawo hanya. Saboda haka mai kauri ta wanda ke sassauta E ta sauko zuwa amon D ce, ko mai hannun maƙeri.

Bes mai tsirkiya biyar, nemi B, wato ta biyar ɗin da ta fi duka kauri, ta 130. In ta gaza 125 sai ta yi laƙwas.

Kada ka canza kauri a tsakiyar hunturu in ba dole ba, katako na motsi da kansa lokacin. Kuma ka ajiye tsumma a jaka. Zufar watan Afrilu tana kashe tsirkiya, ta kamfanin Ernie Ball ce ko D'Addario, kowace lamba ce, in ba ka goge bayan kowane wasa.