Babi na 6: Idan inji ya soma ƙara bayan juyen baƙin mai

Wannan babi na mai ƙaramar mota ne, da direban da aka damƙa wa motar wani, da yaron gareji da bai daɗe da fara koyo ba. An yi wa mota juye, an zubar da tsohon baƙin mai an zuba sabo, an canza filta, wato matatar baƙin mai. Kun tayar da ita, sai ga wata ƙara da ba ku saba ji ba. Za mu bi abin da za ku yi ɗaya bayan ɗaya. Ku karanta a hankali, 'yan uwa. Inda kalma ta yi muku wuya ku ɗora yatsa a kanta ku maimaita, ba wanda yake jiran ku. Kayan aikinku uku ne: tsumma mai tsabta, tocila, da kwali mai faɗi.

Darasi na 1: Jar fitila

Ku zauna a kujerar direba. Ku murɗa makulli har fitilun da ke bayan sitiyari su kama, amma kada ku tayar da inji tukuna. A cikinsu ku nemi wata ja mai siffar 'yar buta, da ɗigo ɗaya a bakinta. Ita ce fitilar baƙin mai. Kamawarta a wannan lokaci daidai ne. To, yanzu ku tayar da mota, ku zuba mata ido. Cikin daƙiƙa kaɗan ya kamata ta mutu.

Idan ta ƙi mutuwa, ko ta mutu ta sake kamawa, ko tana ƙyafta ido, ku kashe inji nan take. Kada ku ce bari ku ƙarasa gida, kada ku ce bari ku ɗan taka totur ko za ta washe. Fitilar nan tana gaya muku cewa mai ba ya isa sassan inji da ƙarfin da ya kamata, ƙarfe yana gugar ƙarfe a bushe, kuma minti kaɗan a haka ya isa ya lalata inji. In a kan hanya kuke, ku sa sigina, ku gangara gefe inda babu haɗari, ku kashe.

Akwai ƙarar da ba abin tsoro ba ce. Sabuwar filta babu komai a cikinta, sai famfon mai ya cika ta kafin mai ya hau sama. Shi ya sa a tashin farko bayan juye za ku iya jin kar-kar-kar na daƙiƙa 2 ko 3, fitila ta mutu, ƙarar ta ɗauke. Wannan ba komai. Wadda ta wuce haka, ita muke bibiya.

Ku riƙe wannan kuma. Mutuwar fitila ba ta nufin mai ya cika. A yawancin ƙananan motoci ƙarfin turin mai take aunawa, ba yawansa ba. Mai na iya yin ƙasa sosai ita ba ta kama ba. Yawan mai kuwa, a bakin geji ake jin sa.

Darasi na 2: Karanta geji

Nan za mu daɗe, domin nan ne mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe. Aikin ba shi da wuya. Garaje ne yake ɓata shi.

Geji shi ne dogon siririn ƙarfen da ke soke a jikin inji. Mariƙinsa zobe ne, yawanci rawaya ko ruwan lemo, don ido ya gan shi da wuri. Wasu motoci masu canza giya da kansu suna da geji na biyu, na man giya. Ba shi muke nema ba. Idan kun ga biyu kuka rasa wanne ne, ku tambaya. Tambaya ba abin kunya ba ce.

Ku tsayar da mota a wuri mai shimfiɗe, ba gangare ba, ba taya ɗaya a rami ba. Ku ja birkin hannu. Ku kashe inji. Ku jira minti 10. Jiran nan yana cikin aikin, domin man da ya hau sama yana buƙatar lokaci ya gangaro cikin kwanonsa na ƙasan inji. Wanda ya gwada da zarar ya kashe zai ga mai ya yi ƙasa alhali yana nan. Sai ku buɗe bonet, ku tokare shi da sandarsa sosai.

Yanzu ku zaro geji. Kada ku karanta. Ku goge shi da tsumma tun daga sama har tsini, ya fita tas. Ku mayar da shi cikin raminsa, ku tura har ya zauna, har mariƙin ya taɓa bakin bututun. Ku sake zarowa. Wannan zarowa ta biyu ita ake karantawa.

Me ya sa ba a karanta ta farko? Lokacin da inji yake aiki mai yana fantsama, yana shafe geji har can sama da inda ya tsaya da gaske. In kun karanta ta farko za ku ga kamar ya cika, ko da saura kaɗan a ciki. Gogewa ce take share wannan shafen, sannan geji ya shiga da tsabtarsa ya ɗauko gaskiya.

Mu faɗa tare da baki: zaro, goge, mayar, zaro, karanta. Kalmomi biyar ne, ku ƙirga su a yatsun hannu ɗaya. Zaro, goge, mayar, zaro, karanta. Madalla. Ku sake faɗa, wannan karon ba tare da duba takarda ba.

Bayan kun goge, kafin ku mayar, ku dubi wajen tsinin geji. Za ku ga alama biyu. A wata motar huda biyu ce, a wata layi biyu, a wata kuma haruffa. In L da F aka rubuta, L ne ƙasa, F ne cika. In MIN da MAX ne, ku lura dukansu da M suka fara, saboda haka harafin ƙarshe za ku duba: mai N shi ne ƙasa, mai X shi ne cika. Wanda haruffa suka rikita kada ya damu. Alamar da ta fi kusa da tsini ita ce ƙasa, a kowace mota. Ta samanta ita ce cika. Mai ya tsaya tsakanin biyun, kusa da ta sama.

Idan kun zaro na biyu, ku riƙe geji a kwance, ko tsininsa ya ɗan kalli ƙasa. Kada ku ɗaga tsinin sama, mai zai gangaro ya ɓata muku karatu. Ku duba gefe biyu, ku ɗauki wanda ya fi ƙasa. Sabon mai garau yake, yana wuyar gani a jikin ƙarfe. Ku karkata geji wajen haske har ku ga inda ƙyalli ya tsaya, ko ku kwantar da shi a kan tsumma ku ga iyakar jiƙewar. In ba ku gani ba, ba laifi. Ku goge, ku mayar, ku sake.

Duk da wannan bayani, har yanzu ina ganin wanda zai zaro geji, ya ɗaga shi sama, ya ce, "Malam, ai ya cika." Ina tsumman? Yana aljihu. Haba, jama'a! Gogewar nan ba ta kai daƙiƙa 5 ba. Akwai kuma mai gogewa amma ya tura geji rabi ya zaro, ya ga mai a ƙasa, ya kama tuttula sabo har ya yi yawa. Wanda bai goge ba bai gwada ba. Wanda bai tura har ƙarshe ba bai gwada ba. Kada ku zo min da amsar zarowa ɗaya, ba zan karɓa ba, inji ma ba zai karɓa ba. Ku je ku yi sau 3 a jere, sai amsar ta zo iri ɗaya sannan ku yarda da ita. Na san za ku iya, waɗanda suka riga ku ma da haka suka fara.

To, me geji ya ce? In mai yana ƙasa da alamar ƙasa, kun samo babban abin zargi: ba a zuba isasshe ba, ko yana zuba. Injin ƙaramar mota yakan ɗauki lita 3 zuwa 4, kuma a motoci da yawa tazarar alamun biyu kusan lita 1 ce. Don haka ku ƙara kaɗan-kaɗan, kwatan lita ko rabi, ku jira minti 2, sannan zaro, goge, mayar, zaro, karanta. In geji ya fito a bushe ƙayau, kada ku sake tayar da inji sai an san inda man ya tafi.

In kuma mai ya haura alamar sama sosai, shi ma matsala ce. Wasu suna ganin yawan mai gata ne ga inji. Ba haka ba ne. Ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji zai riƙa dukan man har ya yi kumfa, famfo kuwa ba ya tura kumfa yadda yake tura mai. Sai inji ya soma ƙara alhali a cike yake. A rage shi ya dawo kan alama. Amma kafin ku ce ya yi yawa, ku tambayi kanku: na goge?

Darasi na 3: Neman inda aka yi sakaci

Inji a kashe. Ku fara da murfin da ake zuba mai a saman inji. Yana nan? An murɗa shi ya zauna? In an manta shi a buɗe za ku ji huci, sulo, wato aikin inji ba a taka totur ba, ya riƙa rawa, mai ya fantsama a cikin bonet.

Ku tura kwali ƙarƙashin inji, ku bar shi minti 15, ku jawo. In akwai ɗigon mai, wuri biyu ake fara zargi: notin da ake kwancewa a zubar da tsohon mai, da filta. Ku haska tocila daga gefe. Kada ku shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga, ko na minti ɗaya ne.

Filta tana da zoben roba a bakinta. Wani lokaci robar tsohuwar takan manne a jikin inji, mai juye bai lura ba ya ɗaura sabuwa a kai. Roba biyu ba sa riƙe mai, yana iya tsiyayewa gaba ɗaya cikin ɗan lokaci. Filtar da ba a ɗaure sosai ba, ko wadda ba ta wannan motar ba ce, ita ma haka.

Ku duba ko an bar sifana ko tsumma a kan inji, ko an buɗe akwatin filtar iska ba a maƙale shi ba. Wasu motoci suna da faifan roba a ƙasa da ake cirewa kafin juye. In ba a mayar da notukansa duka ba zai riƙa kaɗawa, ku ɗauka inji ne.

Darasi na 4: Saurare

Sai mai ya yi daidai, babu zuba, fitila tana mutuwa, sannan za ku tayar ku saurara. A fili, ba cikin rufaffen ɗaki ba, hayaƙin salansa yana kisa. Giya a furi, birkin hannu a ja. Ku tattare hannun riga da mayafi, ku nisanci bel da fanka, domin fankar lantarki takan tashi da kanta.

Tik-tik-tik siririya daga saman inji yawanci ta wajen bawul ce. Iska ce takan shiga lokacin juye, kuma sau da yawa takan lafa in inji ya yi zafi a sulo na minti 10 zuwa 15. In ba ta lafa ba a kai wa makaniki.

Ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa, gwaf-gwaf-gwaf, wadda take ƙaruwa in an ɗan taka totur, ita ce mummunar. Alamar metal ce, wato ƙarafan da sandar ƙasan inji take juyawa a kansu sun cinye, abin da makanikai ke cewa inji ya yi nokin. Ku kashe. A jawo motar, kada a tuƙa ta.

Kar-kar na ɗan lokaci kowace safiya, ba tashin farko kaɗai ba, sau da yawa filta ce marar kyau da take barin mai ya koma ƙasa da dare. Kuka mai tsini, ƙiii, bel ne, wataƙila mai ya zubo masa. Wani lokacin kuma ƙarar tsohuwa ce, yau ne kawai kuka kasa kunne.

Darasi na 5: Lambar mai

A jikin galan akwai lamba, kamar 0W-20, 5W-30, 10W-40 ko 20W-50. Tana nuna kaurin mai: ta farko, wadda ke manne da W, a sanyi, ta ƙarshe a zafi. Babbar lamba, mai kauri. Ku gwada ta da wadda ke littafin mota ko a kan murfin mai. In sun saɓa, a sake juye da wanda ya dace. Kada a zuba mai kauri don a rufe bakin ƙara, ɓoye ta zai yi kawai.

Darasi na 6: Komawa wurin makaniki

Ku tafi da galan ɗin da rasit. Ku gaya masa abin da geji ya nuna, ko jar fitila ta kama, da inda ƙarar take fitowa.

Aikin gida: ku rubuta lambar man motarku a littafinku, ku zo da tsumma.