Yadda na dawo wa SSD ɗina da saurinsa ta hanyar sauya masa rami

Na saya wa tsohuwar kwamfutata ta tebur sabon SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri, marar faifai mai juyawa), amma da na gwada shi da manhajar auna sauri ta CrystalDiskMark, saurin karatu bai kai megabait 400 a daƙiƙa ba, na rubutu kuwa ya fi haka ƙasa. SSD mai SATA 3 (nau'in mahaɗin da ke sada shi da kwamfuta) kan kusanci 550.

Ashe ramin da na soka wayar SSD ɗin a ciki ne matsalar. Madabod ɗin nawa (babban allon da kayan cikin kwamfuta ke haɗuwa a kai) mai cipset (guntun da ke kula da ramuka) Z77 ne na Intel, wanda ya fito a 2012. Shi cipset ɗin da kansa ramuka 2 kacal yake bayarwa masu saurin gigabit 6 a daƙiƙa (wato SATA 3), sai 4 masu gigabit 3. Sauran ramukan da aka rubuta musu gigabit 6 ƙari ne, wani ɗan guntu daban ke kula da su, kuma layin PCIe 2.0 (hanyar da bayanai ke bi) guda ɗaya ya haɗa shi da madabod. Layin nan iyakarsa megabait 500 a daƙiƙa, tun kafin a cire abin da ke tafiya wajen sarrafa saƙonni. Ƙofar faɗi gare ta, lungun bayanta ne matsattse.

Na duba littafin madabod, don launin ramukan kaɗai ba abin dogaro ba ne. Na kashe wuta, na mayar da wayar SSD ramin farko na cipset, na tabbatar BIOS (shafin saitin madabod) yana kan AHCI (tsarin aikin ramukan SATA). Sauri ya haura 500 nan take.

Ramukan ƙarin ban watsar da su ba. Tsohon faifan ajiyata mai juyawa (hard disk) na maƙala a can, tunda ko 200 ba ya kaiwa.