Yadda Za Ka Zaɓi Kwamfutar Tafi-da-gidanka Da Ta Dace Da Aikinka

Kafin ka kalli kowace kwamfuta, ka zauna ka rubuta sunayen manhajojin da aikinka ba ya tafiya sai da su, domin su ne za su nuna maka babbar manhajar tafiyar da kwamfuta (Windows, macOS ko Linux) da za ka ɗauka, ita kuma ta nuna maka na'urar. Injiniyan da ke zane da SolidWorks ba shi da zaɓi sai Windows, mai ƙirƙirar manhajojin iPhone kuwa dole ya nemi Mac, saboda Xcode, manhajar da ake ƙirƙirar su da ita, a kan macOS kaɗai take aiki. Linux, irin su Ubuntu, kyauta ce, kuma tana farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci, sai dai Microsoft Office ba ya hawa kanta kai tsaye, sai mutum ya koma LibreOffice ko ya yi aikinsa ta intanet.

Daga nan sai ka duba RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe ayyukan da take kan yi, wanda a ganina ya fi sunan kamfani muhimmanci nesa ba kusa ba. Mai rubutu, lissafi da taro ta bidiyo zai iya lallaɓawa da 8GB, amma mai tace bidiyo ko rubuta manhaja kada ya yi ƙasa da 16GB. A nan ake yawan yin da-na-sani, domin a kwamfutoci sirara da yawa, ciki har da duk MacBook masu ƙwaƙwalwar Apple, an liƙe RAM ɗin a jikin na'urar, ba a iya ƙara shi daga baya. Ma'adanar bayanai kuma ta zama SSD, wato nau'in da ya fi tsohon faifai (hard disk) sauri, ko da ƙarama ce.

Idan wadda aka taɓa amfani da ita za ka saya, ka tuna cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana buƙatar TPM 2.0, wato wani sashen tsaro da ke cikin na'urar, sannan a ɓangaren ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kamfanin Intel galibi sai samfurin zubi na 8 (8th generation) zuwa sama. Ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, rahoton da zai fito zai nuna maka cajin da batirin ke ɗauka yana sabo da wanda yake ɗauka yanzu. Idan tazarar ta yi yawa, ka lissafa kuɗin sabon batir cikin cinikin. Ka danna kowane harafi a kan madannai, ka jona wani abu a kowace ƙofar USB, ka gwada kyamara da makirufo, kafin ka biya.